Idan Musabbabai Biyu Suka Haɗu a Jiki Ɗaya: Amsoshin da Na Gaji da Maimaitawa

Tun da aka shiga lokacin rubuta furojet, ɗaliban lafiyar al'umma da ke zuwa wurina a nan Katsina tambayoyinsu iri ɗaya ne, duk kan meta-analisis da cuɗanyar musabbabai. Ga amsoshin a rubuce. Wanda ya sake kawo min ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

Malam, mene ne meta-analisis?

Tattara sakamakon bincike da yawa kan tambaya ɗaya, a ba kowanne nauyi gwargwadon ƙarfin lissafinsa, a fitar da adadi guda. Shi ke nan.

Me ake nufi da cuɗanyar musabbabai?

Illar abu ɗaya ta sauya saboda akwai wani tare da shi. Ku riƙe wannan misalin, don ya shafi gyada da masarar da muke ajiyewa a rumbu. Binciken da aka buga a 1994 kan maza sama da 18,000 a Shanghai ya duba kansar hanta. Masu alamar gubar afalatoksin kaɗai a fitsari, wato gubar da fumfuna ke bari a hatsi, haɗarinsu ya ninka na marasa ko ɗaya kusan sau 3.4. Masu ciwon hanta nau'in B kaɗai, kusan sau 7.3. Masu duka biyun, kusan sau 59.

Ma'aunin tarawa zan bi ko na ninkawa?

Kawo duka biyun, kuma ka rubuta wanne ne wanne. Na sha ganin furojet an rubuta "babu cuɗanya" ba a faɗi ma'aunin ba, wannan sakaci ne. A na ninkawa, 3.4 sau 7.3 kusan 25 ne, 59 kuwa ya zarce shi. A na tarawa RERI ake lissafawa, wato ƙarin haɗarin da cuɗanyar ta jawo: haɗarin masu duka biyun, a cire na farko, a cire na biyu, a ƙara 1. A nan ya kai kusan 49. Sifili na nufin babu ƙari. Idan tambayarka ita ce su wa za a fara yi wa rigakafi, na tarawa ya fi yi maka amfani.

Wace manhaja ta fi?

R kyauta ce. Stata ana biya. Duk wadda mai duba aikinka ya iya.

Na samo bincike takwas, amma uku ne kawai suka ware masu duka biyun. Yaya zan yi?

Wannan ce tambayar da ta cancanci zama. Hanya mafi tsafta ita ce a lissafa cuɗanyar a cikin kowane bincike daban, da mutanensa, sannan a tattara waɗannan adadin. To kai uku gare ka. Kana iya tattara ukun, amma sakamakon zai fito da tazara mai faɗi, wato iyakokin da ake sa ran ainihin adadin yana ciki za su yi nisa da juna, kuma hanyar tattara bincike ta DerSimonian da Laird ta 1986 da aka saba bi ba ta ƙiyasta bambancin da ke tsakanin bincike da kyau idan sun yi kaɗan haka.

Na san abin da zuciyarka ke raya maka: ka ɗauki takwas ɗin, ka ce inda masu ciwon hanta suka fi yawa nan illar gubar ta fi, saboda haka akwai cuɗanya. Kul! Wannan kwatanta gari da gari ne, ba mutum da mutum ba. Wataƙila inda masu ciwon suka fi yawa dattawa ne aka ɗauka, ko kayan gwajin daban. Ko masu wannan hanyar ma sukan nemi bincike aƙalla 10 kafin su fara.

Abin da ya rage shi ne ka rubuta wa marubutan biyar ɗin, cikin ladabi, ka roƙi teburin rukuni huɗu: marasa komai, masu na farko, masu na biyu, masu duka. Wasu za su amsa, wasu ba za su kula ka ba. Idan aka yi dace suka ba da bayanan kowane mutum, madalla, amma akwai izinin kwamitin ɗa'a, kuma kada ka zuba su wuri ɗaya kamar bincike guda ne. Dole lissafin ya san kowa daga ina ya fito. Sai kuma ka duba ko duk abu ɗaya suka auna, don gwajin fitsari da tambayar mutum me ya ci ba ɗaya ba ne. In sun sha bamban sosai, ni dai da zan bayyana su ɗaya bayan ɗaya ba tare da tattarawa ba, ko da yake wani malamin zai iya ganin akasin haka.

I² ɗina ya kai 80%. Aikin ya lalace?

Bai lalace ba, kwantar da hankalinki. I² ma'aunin bambancin sakamako ne tsakanin bincike, yana cewa binciken ba su yi daidai da juna ba. Nemo dalili, ki rubuta shi.

P, wato adadin da ake gwada ko sa'a kaɗai za ta iya kawo sakamakon, bai sauka ƙasa da 0.05 ba, ke nan babu cuɗanya?

A'a. Gano cuɗanya na buƙatar mutane aƙalla ninki huɗu na abin da ake buƙata don gano illar abu ɗaya mai girman haka. Rubuta adadin da tazararsa yadda suka fito, kuma kada ka koma kana yanyanka bayanan ta jinsi, ta shekaru, ta ƙaramar hukuma har sai wani abu ya faɗo. In ka yi, zan gane a ranar kare furojet.