Ma'anar ZLD: masana'antar da ba ta sako ruwa ko ɗigo

Ranar Juma'a bayan la'asar muna zaune a gidan yayana a nan Jidda, ɗansa mai aikin famfuna a wata masana'anta a Yanbu ya zo hutu. Cikin hira ya ce an tura su kwas a kan "zed-el-di". Mahaifinsa ya ɗago kai ya ce, "Wannan kuma wane sabon ciwo ne?" Yaron ya yi dariya ya ce, "Baba, ba ciwo ba ne, maganar ruwa ce." Daga nan bayani ya cije masa, ya juyo wajena: "Kawu, kai ka san harkar, ka fassara masa."

ZLD haruffa uku ne na Turanci, "Zero Liquid Discharge", wato sako ruwa ya zama sifiri, a takardun Larabci kuma za ka ga "at-tasrifus sa'ilus sifri". Da Hausa, masana'anta ce za ta yi aikinta ba tare da ta sako gurɓataccen ruwa waje ba, ko ɗigo, ba teku, ba kwari, ba bayyara (ramin tara ruwan ƙazanta). Ruwan a wanke shi a mayar da shi aiki, dattin da ya rage kuma ya fita a bushe. A baki abu ne mai sauƙi. Wanda yake son ya ga wuyarsa ya leƙa inda ake yin mai daga kwal, don a can ne ruwan ya fi ƙazanta.

Kwal dai shi ne gawayin da ake haƙowa a ƙasa, irin na Inugu. Jamusawa biyu, Franz Fischer da Hans Tropsch, su suka fito da dabarar mayar da shi mai a 1925: a gasa kwal da tururi da iskar oksijin har ya zama gas, sannan a sarrafa gas ɗin ya koma dizal da fetur. Jamus ta dogara da man kwal a Yaƙin Duniya na Biyu. Afirka ta Kudu ta kafa kamfanin Sasol a 1950, ya fara fitar da mai a Sasolburg a 1955, daga baya ya gina katafariyar masana'antar Secunda. Yau Sin ce ke kan gaba. A ƙarshen 2016 ta buɗe wata a yankin Ningxia mai iya fitar da tan miliyan 4 a shekara.

Ruwa mai datti iri biyu ne ke fitowa. Na farko shi ne wanda aka wanke gas da shi. A tsofaffin tukwanen gasa kwal samfurin Lurgi, irin na Secunda, kwal yana sauka ne a hankali daga sama, ya bi ta inda zafi bai kai ya ƙone komai ba, sai kwalta da amoniya da finol su biyo gas su zube cikin ruwa. Finol ba baƙo ba ne a hancinmu. Danginsa ne ke ba "finik" na wanke banɗaki warinsa, shi da Izal na gida Najeriya, wanda asalinsa ma daga kwal aka fara samo shi a Ingila. To a ɗanyen ruwan nan ana samun finol dubban miligiram a lita guda, ga gubar sayanaid, ga iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Sababbin tukwane da zafinsu ya haura digiri 1,300 suna ƙone kwalta da finol, amma amoniya da sayanaid da gishiri suna nan.

Na biyun ya fi ban mamaki. Dabarar Fischer da Tropsch ita kanta tana haifar da ruwa, wanda nauyinsa yakan kai ko ya ɗara na man da aka samu. Ruwa ne mai tsami, da barasa iri-iri a ciki.

Wankewar hawa-hawa ce, kuma ba a tsallake tsani. A bar ruwan ya kwanta, kwalta ta nutse, mai ya taso, a kwashe. A busa masa tururi ya kori amoniya da iska mai wari. Sai a zo kan finol, a gauraya ruwan da wani sinadari da finol ya fi ƙauna, ya bar ruwa ya koma cikinsa, a raba su. Har nan masana'anta ba ta yi asara ba, kasuwa ma take ci. Wata da ke Beulah a jihar Dakota ta Arewa a Amurka, wadda ke mayar da kwal gas tun 1984, tana sayar da finol da takin zamani daga abin da take tsamowa.

Dalilin da ya sa dole a rage finol tukuna shi ne mataki na gaba na masu rai ne. Ana zuba ruwan a manyan tankuna cike da ƙwayoyin bakteriya, su cinye ragowar dattin. Amma finol maganin kashe ƙwayoyin cuta ne. In ya yi yawa, masu cin nasa ne za su mutu, kuma raya sabon garke yakan ɗauki makonni. Shi ya sa ma'aikatan wannan sashe suke lallaɓa tankunansu kamar mai kiwon kaji a lokacin zafi: a duba tsami, a duba ɗumi, a duba iska, dare da rana.

Bayan nan ruwan ya yi haske a ido, sai dai gishiri ya rage. A nan aka shigo fagen da mutanen Jidda suka sani, domin irin matatar da ake tace ruwan teku da ita a tashoshin tahliya ita ake amfani da ita: a matsa ruwa da ƙarfi ta cikin wata fata mai ƙananan ƙofofi, mai kyau ya wuce, mai gishiri ya tsaya. Bambancin guda ne. Tashar tahliya tana mayar da ruwan gishirinta teku. Mai ZLD ba shi da wannan ƙofar. Sai ya dafa shi, ya kama tururin ya mayar da shi ruwa, ya ci gaba da dafawa har gishiri ya daskare. Wannan ɗan ragowar shi ke cin wuta da kuɗi fiye da kima.

Me ya kai Sin ga wannan wahala? Kwal ɗinta yana arewa da arewa maso yamma, Mongoliya ta Gida da Ningxia da Shaanxi da Xinjiang, ƙasa ce busasshiya, ruwa kaɗan, kogin da zai ɗauke datti ma kaɗan. Akwai hanya mai arha, a haƙa tafki a zuba a bar rana ta shanye. Mu nan ba sai an ba mu labarin irin wannan tafki ba. Duk wanda ya zauna Jidda kafin 2010 ya san Buhairatul Misk, inda motocin wayit ke juye ruwan bayyara a gabashin gari, da fargabar da aka shiga bayan ambaliyar Nuwamban 2009 kada ya ɓalle, har aka zo aka ƙafar da shi. A Sin ma an yi abin kunya a 2014, da aka bankaɗo tafkunan dattin masana'antun sinadarai a hamadar Tengger.

Saudiyya ba ta yin mai da kwal, mai rijiya a gida ba ya sayen ruwan garwa. Amma dangin sana'ar suna kusa. A Jazan ana mayar da ragowar man da matata ta bari ya zama gas don samar da lantarki, ruwan wankinsa kuma yana ɗauke da kunkunniya da amoniya da ƙarafa. A Ƙatar, masana'antar Pearl da ke Ras Laffan, wadda ta fara yin dizal daga iskar gas a 2011, a kan tsarin ZLD aka gina ta.

Inda nake da ja da masu tallar kalmar shi ne "sifiri" ɗin nan. Ruwa kaɗai yake nufi. Da na kai nan yayana ya katse ni: "To ƙanena, dattin fa, ina ya tafi?" Yana nan, a buhu. Gishiri ne gauraye, na miya da na salfet, haɗe da ragowar sinadarai da ƙarafa, ba ya ciwuwa, ba ya sayuwa, in ruwan sama ya taɓa shi kuma ya narke ya bi ƙasa. A Sin ana lissafa shi cikin shara mai haɗari, binne shi kuma tsada ne. Shi ya sa injiniyoyin can suka koma raba gishirin biyu kafin a busar, kowanne ya fita da tsabtar da wata masana'anta za ta iya saya, ko da yake har yanzu akan sami wani kaso da ba ya rabuwa, sai an nema masa rami mai shimfiɗar roba.