Dokar SOSMA da 'yan daba a Malesiya: abin da ta tanada da abin da ake jingina mata

Duk lokacin da 'yan sandan Malesiya suka kama gungun matasa bisa zargin daba, sai a ga hotunansu sun bazu a Facebook da WhatsApp, da yawansu 'yan asalin Indiya, kuma nan take magana ta rabu gida biyu. Wasu su ce ai dokar SOSMA, wato dokar matakai na musamman kan laifuffukan tsaro da ake tsare su da ita, an yi ta ne musamman domin Indiyawa, wasu kuma su ce wanda bai kashe ba kuma bai yi fashi ba babu abin da zai same shi. Maganganun biyu duk ba daidai ba ne, kuma ta biyun ta fi haɗari, domin ita ce ke sa yaro ya ɗauka cewa zama da 'yan ƙungiya kawai ba laifi ba ne.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne SOSMA ba ita ke yanke hukunci ba. Doka ce ta shekarar 2012 da ta maye gurbin tsohuwar dokar tsaron cikin gida ta 1960, kuma aikinta shi ne tsara yadda za a kama mutum, a tsare shi, a gurfanar da shi idan laifin da ake zarginsa da shi na tsaro ne. Laifin zama ɗan ƙungiyar daba, wanda ake lissafa shi cikin irin waɗannan laifuffukan tsaro, yana cikin kundin hukunta laifuffuka, a sashe na 130V, wanda ya ce duk wanda ya kasance ɗan ƙungiyar masu aikata laifi zai sha ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba kuma bai wuce 20 ba. Dokar ba ta ambaci ƙabila ko addini ba, ta shafi Bamale, wato ɗan ƙabilar Malay da ta fi yawa a ƙasar, da ɗan asalin Sin da ɗan asalin Indiya, har da baƙon da ya je karatu ko neman kuɗi.

A wannan sashe ne mutane suka fi ruɗewa. Ba a buƙatar a tabbatar cewa wanda ake tuhuma ya sari wani ko ya sayar da ƙwaya, domin zamansa ɗan ƙungiya shi ne laifin. Ita kuwa ƙungiyar ba sai ta tara ɗaruruwan mutane ba, mutum biyu ma sun isa, matuƙar sun haɗa kai da niyyar aikata babban laifi domin samun dukiya ko iko ko tasiri. Babban laifi a nan shi ne wanda hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara 10. Sannan akwai wani sakin layi da ya fi ɗaure kai: idan ana iya alaƙanta mutum da ƙungiyar, ko aka same shi da makami daga cikin waɗanda doka ta lissafa, kotu za ta ɗauke shi ɗan ƙungiya har sai ya kawo hujjar da ta wanke shi. Ke nan nauyin da aka saba ɗora wa mai gabatar da ƙara ya koma kan wanda ake tuhuma, kuma saurayin da ya yi zanen lambar ƙungiya a jikinsa yana ɗan shekara 16 zai sha wahalar gamsar da kotu cewa ya daɗe da barin wannan hanya.

Maganar tsare mutum kwana 28 a ƙarƙashin SOSMA ita ma ana yi mata gurguwar fahimta. Gaskiya ne cewa jami'in 'yan sanda mai muƙamin sufritanda ko sama da haka yana iya tsawaita tsarewa har kwana 28 ba tare da neman izinin majistare ba, kuma ana iya jinkirta ganawa da lauya har sa'a 48. Amma iyalai da yawa suna ɗauka cewa da zarar kwanakin sun cika ɗansu zai dawo gida, alhali idan aka gurfanar da shi, sashe na 13 na SOSMA ya hana beli, sai ga mata da marasa lafiya da waɗanda ba su kai shekara 18 ba, su ma sai kotu ta ga dama. Shari'ar da ta haɗa mutum 20 ko 30 tana iya ɗaukar shekaru, kuma ko an wanke mutum, sashe na 30 ya ba masu gabatar da ƙara damar neman a ci gaba da tsare shi har a gama ɗaukaka ƙara. A ganina wannan ne wurin da dokar ta fi tsanani, domin magidancin da ya yi shekara biyu a kurkukun Sungai Buloh kafin a ce ba shi da laifi ya riga ya rasa aikinsa, wataƙila har da gidan hayarsa. Majalisar wakilan ƙasar ma ta ƙi sabunta tanadin kwana 28 a watan Maris na 2022, kafin ta amince da shi a watan Yuli na shekarar.

To me ya sa Indiyawa suke da yawa haka a cikin waɗanda ake kamawa bisa zargin daba, alhali ba su wuce kimanin kashi 7 cikin 100 na 'yan ƙasa ba? A watan Agustan 2013, lokacin da gwamnati ta bayyana sunayen ƙungiyoyi 49 da ta haramta, irin su 04 da 08 da 36, ta ce daga cikin mambobi sama da 40,000, kusan 29,000 'yan asalin Indiya ne. Masu cewa abin a jininsu yake ba su san tarihin mutanen ba. Turawan Ingila ne suka kwaso kakanninsu, mafi yawansu 'yan ƙabilar Tamil, domin aikin gandun roba, kuma a cikin gandun suka rayu shekara da shekaru, can gidansu yake, can makarantar yaransu da wurin ibadarsu. Daga shekarun 1970 aka fara mayar da gandaye gonakin kwakwar manja da rukunin gidaje da masana'antu, har birnin Putrajaya, mazaunin gwamnatin ƙasar, ma a kan tsohon gandun Prang Besar aka gina shi. Wanda aka sallama ya rasa aiki da muhalli da maƙwabta a rana ɗaya, ya koma unguwannin marasa galihu a gefen Kuala Lumpur da Klang ba tare da wata sana'a ba sai tatsar roba. Manufar tattalin arziki ta 1971 kuma ta fifita Malawa da sauran 'yan asalin ƙasar wajen guraben karatu da aikin gwamnati, ba ta yi wa talakan gandu irin wannan tanadi ba.

A kan wannan sai a ƙara yaron da ya yi firamare da harshen Tamil, ya shiga sakandaren da ake koyarwa da harshen Male, ya kasa bin darasi har ya watsar da karatun, da kuma wanda iyayensa ba su yi masa takardar haihuwa ba, don haka ba shi da katin ɗan ƙasa balle aiki mai albashi. Irin wannan yaro idan wani babban yaya na unguwa ya saya masa abinci, ya kare shi daga masu cin zalinsa, ya ba shi aikin karɓo bashi ko gadi, zai ga ya sami gata da mutuncin da bai samu a ko'ina ba. Wasu daga cikin ƙungiyoyin ma tushensu tsofaffin ƙungiyoyin asiri ne na 'yan asalin Sin, waɗanda suka riƙa ɗaukar samarin Indiyawa a matsayin 'yan aike da 'yan sara.

Wannan bayani ba ya wanke wanda ya ɗauki adda, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake sara ko ake karɓar kuɗinsu da ƙarfi Indiyawa ne 'yan uwansu, waɗanda su ma suna da haƙƙin a kare su. Sai dai sashe na 130V ba ya tambayar yadda aka yi mutum ya shiga, kuma mafi ƙarancin hukuncinsa na shekara 5 yana hawa kan ɗan aike kamar yadda yake hawa kan uban daba, ko da alƙali ya ga cewa yaron da ke tsaye a gabansa bai taɓa cutar da kowa ba.