Waiwaye: Daga cajar Nokia mai ƙaramin baki zuwa USB-C

Duk wanda ya taɓa kai waya rumfar caji a Sakkwato ya san allon nan na katako da aka jera wa soket, janareta na ruri a gefe, kowace waya an liƙa mata lamba da salatif. A shekarun baya, abin da ya fi ɗaukar ido a rumfar shi ne damin igiyoyin da ke rataye a ƙusa. Kafin yaron rumfa ya karɓi wayarka sai ya juya gindinta ya duba, sau da yawa ya miƙo maka abarka ya ce, "Alhaji, wagga ba mu da bakinta." Yau damin ya sirance ƙwarai. A rumfar da nake kai tawa a Mabera, igiya iri uku ce ke yin kusan duk aikin.

Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kowane kamfani da nasa bakin caja ya zo. Nokia kaɗai tana da biyu, mai babban baki da mai ƙaramin baki. Motorola da nata, Sony Ericsson da nata mai faɗi, Samsung kuwa sai ta sauya baki daga wannan samfuri zuwa wancan. Shi ya sa aka rungumi cajar nan da ake ciro batir a matse shi a ciki, a yi ta gyara ƙarafuna biyu har fitila ta fara ƙiftawa. Ta fitar da mutane kunya, amma batiran da ta kumbura ba su ƙirguwa.

Maganin bai fito daga masu waya ba, daga masu kwamfuta ya fito. A da, bayan kwamfuta cike yake da ramuka, na firinta daban, na allon rubutu daban, na linzami daban, wani ma sai ka kashe na'urar kafin ka jona shi. Kamfanoni bakwai, ciki har da Intel da Microsoft da IBM da Compaq, suka haɗa kai suka fitar da USB, rami iri ɗaya da duk waɗannan na'urori za su shiga, a Janairun 1996. Injiniya Ajay Bhatt na Intel yana cikin waɗanda suka jagoranci aikin. Da farko gudunsa bai wuce megabit 12 a daƙiƙa ba. Ya samu karɓuwa sosai bayan da Apple ta fitar da kwamfutar iMac a 1998 ta watsar da tsofaffin ramukan, sannan a 2000 USB 2.0 ya kai megabit 480. Abin da ya ba shi dama a harkar waya shi ne yana ɗaukar wuta tare da bayanai a igiya ɗaya. Daga nan aka ƙanƙantar da bakin, har aka samu micro-USB a 2007, wanda mu a nan muke kira cajar Android.

Kamfanoni ba don Allah suka daidaita ba. Sayar da caja ciniki ne, kuma wanda ya saba da bakinka da wuya ya gudu. China ta fitar da ƙa'idar cajar USB a ƙarshen 2006, ta fara tilasta ta a 2007. A 2009 Tarayyar Turai ta sa manyan kamfanonin waya suka sa hannu a yarjejeniyar ganin dama, wadda ta rage nau'in caja daga kusan 30 zuwa uku. Apple ta sa hannu, amma a 2012 ta fito da nata bakin, Lightning, ta ce mai son micro-USB ya sayi mahaɗi.

A 2014 aka kammala tsarin USB-C. Ba shi da sama ba shi da ƙasa, ko ta ina ka soka ya shiga, kuma wanda ya taɓa lalata bakin wayarsa cikin duhu ya san darajar wannan. Da lallashi ya ƙi ci, Majalisar Turai ta kaɗa ƙuri'a a ranar 4 ga Oktoba 2022, mutum 602 suka amince, 13 suka ƙi. Dokar ta ce daga 28 ga Disamba 2024 duk waya da kyamara da makamantansu da za a sayar a can sai da USB-C, kwamfutar tafi-da-gidanka kuma daga Afrilun 2026. Hujjarsu ita ce cajar da ake zubarwa tana kai tan 11,000 a shekara. Apple ba ta jira wa'adin ba, iPhone 15 ta fito da USB-C a 2023. Saudiyya ma ta kafa irin wannan doka daga farkon 2025, don haka tsarabar alhazai za ta bi sahu.

Mu dai ba a shawarce mu ba, amma amfanin ya iso mu, tunda masana'anta ba za ta ƙera waya ɗaya ga Turai wata ga Babbar Kasuwar Sakkwato ba.

Sai dai inda abin ke damuna shi ne baki ya zama ɗaya, ciki bai zama ɗaya ba. Igiya biyu za ka gani kamar tagwaye, ɗaya tana ɗaukar wutar da ta kai wat 60, ɗaya tana kai 240, wata tana tura hoto zuwa talabijin, wata ko fayil ba ta iya kwashewa da sauri. Igiyar da za ta ɗauki wuta mai yawa dole a sa mata ɗan ƙaramin ƙwaƙwalwa a kai, wanda ke gaya wa caja iyakar ƙarfinta. Ta bogi babu ruwanta da wannan. A 2016 wani injiniyan Google, Benson Leung, da ya duƙufa gwajin igiyoyin kasuwa, ya ƙona kwamfutarsa da wata igiya da aka haɗa wayoyinta a baibai. In hakan ta faru a Amurka, ina ga mu da ake auna mana igiya a tire, babu kwali babu rubutu?

Na gani da idona a bazarar da ta wuce. Ƙanwata ta sayi igiya mai araha a bakin titi, ta jona da rana tsaka, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40. Kan igiyar ya narke ya manne a cikin wayar. Mai gyara ya tsaga robar ya nuna mana zaren jan ƙarfen ciki, bai kai kaurin gashi uku ba. "Hajiya," ya ce mata, "kuɗin gyaran ga sun sayi igiya ta ƙwarai har biyar."

Ga kuma soket ɗin bango, wanda har yanzu ba a daidaita ba. Nijeriya ta gaji na Ingila mai ƙafa uku, Nijar tana amfani da mai ƙafa biyu na Turai, kaya kuma suna ratsowa ta Illela da sauran hanyoyi. Shi ya sa za ka ga yaro yana danna murfin biro a ramin sama don cajar ta shiga.

A ganina aikin da ya rage namu ne. Hukumar SON ce doka ta ɗora wa kula da ingancin kaya, kuma abin da nake so ta tilasta ba mai wuya ba ne: kowace igiya da kan caja a rubuta musu wat nawa suke ɗauka, a jiki, inda mai saye zai gani. Ƙungiyoyin masu sayar da kayan waya ma suna iya farawa da kansu. Mai rumfarmu ya riga ya fara nasa. Igiyoyi masu kauri ya ware su a ƙusa ɗaya don manyan wayoyi, micro-USB na nan don ƙananan itel da Tecno masu madannai, sannan a aljihun tebur ya ajiye cajar Nokia mai ƙaramin baki guda ɗaya, saboda wani dattijo da ke kawo tasa duk ranar Juma'a.