Sinadaran Abinci da Ayyukansu a Jikin Ɗan Adam

Sinadaran abinci su ne abubuwan da jiki ke tsamowa daga abin da aka ci ko aka sha domin ya samu kuzari, ya girma, ya kuma gyara abin da ya lalace a cikinsa. Masana sun kasa su gida shida: kabohaidiret, furotin, maiko, bitamin, ma'adanai da ruwa. Ukun farko jiki na buƙatar su da yawa. Bitamin da ma'adanai kuwa ɗan kaɗan ke isa, sai dai rashin wannan ɗan kaɗan ɗin yakan kwantar da mutum ko da kullum cikinsa a ƙoshe yake.

Kabohaidiret, wanda ke cikin hatsi da dankali da sukari, shi ne makamashin da jiki ya fi saurin amfani da shi. Hanji yana narkar da shi ya koma gulukos, wato sukarin da ke yawo a jini, jini ya kai shi ga kowace gaɓa, ragowar kuma a adana ta a hanta da tsoka. Ƙwaƙwalwa kaɗai tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin mutum idan yana hutawa. Giram ɗaya na kabohaidiret yana ba da kalori 4 (kalori ma'aunin kuzarin abinci ne), haka ma furotin, maiko kuwa kalori 9. Wannan ne ya sa ake yi wa maiko kallon abokin gaba, alhali da shi ake gina bangon kowace ƙwayar halitta, kuma bitamin A, D, E da K ba sa shiga jini yadda ya kamata sai da shi.

Furotin shi ne tubalin ginin jiki: tsoka, fata, gashi, da sinadaran da ke yaƙar cuta. An harhaɗa shi ne daga ƙananan sassa guda 20 da ake kira amino asid. Jiki yana iya ƙera 11 da kansa, sauran 9 dole sai daga abinci. Nama, kifi, ƙwai da madara suna ɗauke da su duka daidai gwargwado, hatsi da wake kuma kowanne yana cike giɓin ɗan uwansa idan an haɗa su.

Ruwa ba ya ba da kuzari, amma shi ne kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin baligi.

Labarin bitamin ya fi ɗaukar hankali, domin an daɗe ana ganin illar rashinsu tun kafin a san da su. A 1747 likitan jiragen ruwan Birtaniya James Lind ya gwada magunguna iri-iri a kan matuƙa 12 masu fama da cutar sikabi, wadda ke sa dasashi zubar da jini. Waɗanda aka ba lemun zaƙi da na tsami ne suka fi saurin warkewa. Sai a ƙarni na 20 aka gano cewa bitamin C ne sirrin. Sunan bitamin ɗin ma Casimir Funk, masanin sinadarai ɗan ƙasar Poland, ne ya ƙirƙiro shi a 1912. Yau an san guda 13. Rashin bitamin A yana jawo dundumi, bitamin D kuwa fata ce ke haɗa shi idan ta samu hasken rana.

A cikin ma'adanai, kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki yana cikin ƙashi da haƙora. Aidin, wanda baligi ke buƙatar maikirogiram 150 kacal a rana (maikirogiram miliyan ɗaya ne ke yin giram ɗaya), rashinsa ke kawo maƙoƙo da tauye ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki, shi ya sa ƙasashe da dama ke zuba shi a gishiri. Shi kansa gishirin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5 a rana, saboda hawan jini. Sinadarin ƙarfe kuma shi ke riƙe iskar oksijin a cikin jan jini, ƙarancinsa ne babban sanadin ƙarancin jini, musamman ga mata masu juna biyu da ƙananan yara. Sinadarin ƙarfen da ke cikin nama ya fi saurin shiga jiki. Na ganye da wake kuwa bitamin C yana taimaka masa, shayin da aka sha tare da abinci kuma yana rage shigarsa.