Yawo a dajin Lekki: ƙa'idar masu wuri daban, dokar gwamnati daban

Duk lokacin sallah ko hutun makaranta, iyalai daga Agege, Idi-Araba da Obalende sukan ɗebi yara zuwa gandun dajin Lekki a Legas, wanda ke bakin babban titin Lekki zuwa Epe, daura da ofishin Chevron. Gidauniyar kare muhalli ta NCF ce ta kafa shi a 1990, faɗinsa hekta 78. Hanyar zagaya shi ba ta da wahala: ana bin dandamalin katako ta cikin kurmi mai fadama, a ɓulla fili mai ciyawa, a kewayo a dawo. Abin da ke jawo cacar baki a can shi ne rashin sanin cewa dokoki iri biyu ne ke aiki a kan mai ziyara, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko ƙa'idar masu wuri ce. Gandun ba na gwamnatin jiha ba ne, na gidauniya ne, kuma sayen tikiti amincewa ne da sharuɗɗansu. Wanda ya saɓa, ma'aikata na iya hana shi ci gaba ko su fitar da shi, kuma cewa "ai na biya kuɗina" ba ta warware komai. Na biyu dokar jiha da ta tarayya, wadda ba ruwanta da tikiti, tana iya kai mutum gaban alƙali.

Tun kafin a iso ƙofa doka ta fara. Gandun yana ƙaramar hukumar Eti-Osa, ɗaya daga cikin shida da aka hana acaɓa a cikinsu tun 1 ga Yuni, 2022. Hanin ya shafi mai tuƙi da wanda aka goya. A shiga mota.

A cikin kurmi, babbar ƙa'ida ita ce kada a sauka daga kan katako. Ƙasan da ke gefe yana kama da busasshe saboda ganye ya rufe shi, alhali laka ce, kuma akwai kada da macizai. Ban da haka, sawun mutum ɗaya kan zama turba, gobe goma su bi, tsirrai su mutu. Dandamalin siriri ne, mutum biyu ke jerawa da kyar, don haka ayari ya yi layi ɗaya, mai son ɗaukar hoto ya raɓe ya bar na baya su wuce. Idan an zo da ɗaliban Islamiyya, malami ɗaya ya ja gaba, ɗaya ya tsare baya, a ƙirga yara a ƙofa, a sake ƙirgawa a fili. Da damina katakon yana yin santsi, musamman inda inuwa ta yi yawa har gansakuka ta kama. Silifas da takalmi mai tsini su ne ke kayar da mutane. Takalmi rufaffe mai ƙasan roba shi ya dace, kuma mai doguwar riga ko hijabi har ƙasa ya ɗan tattare.

Sai batun birai, inda aka fi samun matsala. Ba a ba su abinci, kuma dalilin ba rowa ba ne. Birin da ya saba karɓar biskit daga hannu ya daina jiran a miƙa masa. Da ya ji ƙarar leda zai diro daga reshe, ya fizge, ya haye, kafin yaro ya buɗe baki ya yi kuka. Cizo da yaƙushi kusan kullum daga kokawar ƙwace leda suke fitowa. Abinci ya zauna cikin jaka mai zif har a isa wurin zama. Idan biri ya kama abu, a sakar masa. Idan kuma ya yi cizo ko ya ja jini, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a sanar da ma'aikata, a wuce asibiti ranar saboda allurar rigakafin ciwon haukan kare. Toka ko man zafi ba sa maye gurbin wannan.

Gadar igiya da ke rataye a tsakanin bishiyoyi, mai tsawon mita 401, wadda ƙololuwarta ta kai mita 22.5 daga ƙasa, tikitinta daban ne. Ana sakin mutane kaɗan-kaɗan, da tazara a tsakaninsu, domin gadar lilo take yi: idan aka cunkushe ko wani ya yi tsalle don tsokana, girgizar na bayansa take kaiwa. Hannu biyu a kan igiya, waya a aljihu. Idan ruwa ya sauko ma'aikata suka ce a dakata, maganarsu ce ta ƙarshe. Mai jiri, mai ciki da mai hawan jini, gara su jira a ƙasa, don tsakiyar gada ba wurin canza shawara ba ne.

Yanzu ga inda dokar gwamnati ta shigo. Mutanenmu suna da ido a kan itace. Dattijo zai ga bishiya ya gane maganin basir ne ko na shawara, hannu ya tafi aljihu neman 'yar wuƙa. A nan ba a sassaƙe, ba a karya asuwaki, ba a tuge tsiro a kai gida. Sassaƙen da ya zagaye gindin bishiya yana yanke hanyar da abinci ke bi daga ganye zuwa saiwa, bishiyar ta bushe a tsaye bayan watanni. A Legas ma ko a wajen gandu, sare bishiya ko yi mata aski sai da izinin hukumar kula da lambuna da wuraren shaƙatawa ta jihar, LASPARK, wadda dokar 2011 ta kafa.

Dabbobi kuwa, akwai dokar tarayya ta 1985 mai kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016 aka tsananta tararta. Ɗaukar ɗan kada ko tsuntsu daga gandu sata ce, kuma idan dabbar tana cikin jerin waɗanda aka kare, laifi ya zama biyu. Ganin ana tallan aku ko ɗan biri a kasuwa ba ya nufin halas ne a doka. Aku mai toka-toka da jan wutsiya an haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe tun 2017.

Guzuri ma yana da doka. Jihar ta haramta farin mazubin tekawe na soso a Janairun 2024, sannan daga 1 ga Yuli, 2025 ta fara aiwatar da hanin kofunan roba, cokula da tsinken shan lemo na yarwa, da leda mai kaurin da bai kai maikuron 40 ba. Ruwan gora da fiya wata ba sa cikin hanin, amma yar da ledarsu a ƙasa laifi ne ƙarƙashin dokar muhalli ta jihar ta 2017. A zuba shinkafa a kula, a zo da buhu ɗaya na shara. Leda a fadama ba ta ruɓewa, kunkuru da kifi ke haɗiye ta.

Taba da wuta: dokar hana shan taba a bainar jama'a ta Legas ta 2014 da ta tarayya ta 2015 suna nan, kuma filin ciyawar da hunturu guntun sigari ɗaya ya ishe shi. Kada a hura gawayi don gashi ko shayi sai ma'aikata sun yarda sun nuna wuri. Mai son yin salla ya taho da butarsa da darduma, ya yi a filin, ba a kan katako inda zai tare hanya ba.