Kafin Yaro Ya Shiga Matarnel: Me Ya Kamata Likita Ya Duba?

Da zarar watan Agusta ya kama, hankalin iyaye a Garwa da Marwa yakan koma wajen tela da masu jaka da kuɗin rajista, domin a watan Satumba ake buɗe makarantu a Kamaru. Ɗan shekara 4 da zai fara matarnel, wato ajin ƙananan yara kafin firamare, a yi masa ɗinki, a saya masa gorar ruwa, amma ba kasafai ake tunawa da asibiti ba. Ga tambayoyin da iyaye mata suka fi yi idan aka taɓo maganar.

Yaro yana ci, yana wasa, ba ya kwance. Me zai kai mu asibiti?

Abin da ke hana yaro karatu sau da yawa ba ya kwantar da shi. A gida uwa kusa take magana, in bai ji ba ta maimaita, in bai gani ba yayarsa ta miƙo masa. A aji kuwa malama tana can gaban allo, yara sun cika ɗaki da surutu. Yaron da kunnensa ɗaya ya toshe sai ya zauna yana kallon bakinta. Kafin zango ya ƙare an laƙaba masa daƙiƙi ko mai taurin kai, har ya sha bulala a gida, alhali ji ne bai yi ba. Wannan ne ya fi damuna, fiye da takardar da wasu makarantu ke nema a buga wa hatimi.

Yaushe ya dace a je?

Yuli ko farkon Agusta, don a samu sararin cike allurar da ta rage ko yin tabarau. Damina ce, asibitoci cike suke da masu zazzaɓi, saboda haka a yi sammako. A tafi da katin rigakafi, wanda muke ce wa karne.

Karnen ya ɓace, ko kuma ba mu ƙarasa allurar ba. Sai an sake daga farko?

A'a, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. In katin ya ɓace, a koma cibiyar da aka yi wa yaron allura, sukan duba rajistarsu. Tsarin shi ne: allurar tarin fuka da ɗigon shan inna lokacin haihuwa, sai allurai uku a sati 6 da 10 da 14, sai ta ƙyanda da ta shawara a wata 9. Wadda aka fi tsallakewa ita ce ta ƙyanda karo na biyu a wata 15, don a lokacin yaro ya fara tafiya, uwa ta ɗauka an gama. Ƙyanda kuwa ba ta da wurin yaɗuwa kamar aji: yaro ɗaya ya shigo da ita, duk wanda ba shi da kariya yana cikin haɗari. A kuma tambayi ta sanƙarau, tunda yankinmu yana cikin inda cutar ke tashi da zafin rani, kuma takan bar yaro da kurumta.

Kamaru ta fara allurar zazzaɓin cizon sauro a watan Janairun 2024, amma da jarirai 'yan wata 6 aka soma. Waɗanda suka girme su ba su samu ba. Gidan sauro dai yana nan, haka ma ƙwayoyin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kowane wata da damina.

Yaya za mu gane matsalar ido ko kunne, tunda yaro ba ya faɗa?

Ba zai faɗa ba, domin a ganinsa haka kowa yake gani. Ku gwada shi cikin wasa. Ku rufe masa ido ɗaya da tafin hannu, ku nuna masa wani abu daga nesa, ko akuya ko buta, ku sake da ɗayan. In ya yarda aka rufe na dama amma ya yi ta fisgewa da aka rufe na hagu, akwai alamar da na hagun kaɗai yake gani sosai. Mai ƙanƙance ido, mai manne wa talabijin, mai harara-garke, duk a kai su wajen likitan ido. Kada a ce zai daidaita in ya girma. Idon da ƙwaƙwalwa ta saba yin watsi da shi ya fi gyaruwa kafin shekara 7, bayan nan aikin yana wuya.

Kunne kuma, ku tsaya a bayansa inda ba ya ganin bakinku, ku yi raɗa: "Zo ka karɓi alewa." Mai ji zai waiwayo nan take. Kunnen da ke zubar da ruwa ko mugunya ba na ɗiga man ja ko ruwan ganye ba ne, fatar cikin kunnen ce mai yiwuwa ta huje.

Ɗana yana haɗa Hausa da Fulatanci, ba ya jin Faransanci ko kaɗan. Matsala ce?

Ko alama. Tashi da harshe biyu ko uku ba ya jinkirta magana, kuma Faransancin zai ɗauka a aji. Abin lura shi ne ko baƙo yana gane yawancin abin da ɗan shekara 4 ke faɗa a harshen gidansu. In sai uwa ta yi tafinta, a fara da gwajin ji.

Gwajin jini fa, dole ne?

Ba kowane yaro ba. Likita zai auna nauyi da tsawo, ya ɗaura ma'aunin nan mai launi a damtse: ƙasa da santimita 12.5 alamar tamowa ce, ƙasa da 11.5 kuwa ta yi tsanani. Zai ja fatar ido ya duba tafin hannu. In sun yi fari fat, ƙarancin jini ne, wanda zazzaɓi da tsutsar ciki da rashin abinci mai gina jiki ke kawowa, sai ka ga yaro yana gyangyaɗi da hantsi. Bitamin A da maganin tsutsa duk wata 6 ake ba yara.

Wanda ke yawan kukan ciwon ƙashi, ko idonsa ke yin rawaya, ko aka san akwai sikila a dangi, a yi masa gwajin. Masu zama kusa da Binuwai ko madatsar Lagdo kuma su lura da fitsarin yaran da ke wanka a ruwa. Jini a ƙarshen fitsari tsargiya ce, kuma tana da magani. Makero a kai da ƙazuwa a tsakanin yatsu, a magance su kafin a shiga aji.

In an gano yana da asma ko farfaɗiya, mu gaya wa malama? Muna tsoron a tsangwame shi.

Na san wannan tsoron, amma ku gaya mata. Rabin yini yana hannunta. Ya kamata ta san mai sikila yana buƙatar shan ruwa akai-akai, kuma sanyin hunturu na tayar masa da ciwo, ƙurarsa kuma na tayar da asma. Ya kamata ta san farfaɗiya ba a ɗaukarta ta miyau. In ta tashi, a kwantar da yaro ta gefe, a janye benci daga kusa da shi, kada a cusa masa cokali a baki. Ku rubuta sunan maganinsa da lambar wayar mutum biyu na gida a takarda, ɗaya ku ba malama hannu da hannu, ɗaya ku saka a aljihun jakarsa.