Maganin tiyata ba barci ba ne, kuma fura abinci ce

A Katsina da Daura har yanzu za ka ji mai jinya yana cewa, "Ai barci kawai za a sa shi, bari ya ɗan kurɓi fura." Wannan tausayin yana iya kashe majiyyaci.

Mai barci idan ya ƙware, tari zai yi ya farka. Wanda aka gusar wa hankali ba ya tari, ba ya haɗiya. Idan abinci ya taso, huhu zai gangara, tsamin ciki ya ƙone shi.

Tun zamanin sinadarin eta matsalar take. Ranar 16 ga Oktoba 1846 William Morton ya shaƙa wa wani mutum eta a Boston ta Amurka, aka cire masa ƙari a wuya. Eta ruwa ne mai tafasa a digiri 35, bai ma kai zafin Afrilunmu ba. Ana ɗiga shi a kan ƙyalle bisa hanci. Yana kama wuta, yana jawo yawu da amai. A 1946 likita Curtis Mendelson ya bayyana yadda amai ke shiga huhun mata masu haihuwa. An sami magunguna da suka fi eta, amma haɗarin bai gushe ba.

Ƙa'idar ita ce, kafin a yi wa majiyyaci tiyata sai an jira: awa 8 bayan nama ko maiƙo, awa 6 bayan fura, nono ko koko, awa 2 bayan ruwa zalla. Idan ya riga ya ci, a gaya wa likita kafin a shiga da shi.